Hatsin da Na Yi wa Ƙaryar Damina

A shekarata ta biyu da fara koyarwa aka ba ni ajin manya a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Filingue, yaran da za su yi jarrabawar fita firamare. Shekaruna ashirin da ɗaya. A lokacin damina biyu sun wuce ba su bar wa mutane abin kirki ba, ta uku kuwa an yi shuka har sau uku, duk ta ƙone a rami. Na san wannan kamar yadda kowa ya sani. Ina ganin mutanen da suka gangaro daga wajen Abala sun kafa bukkokin tabarma a bayan gari, ina ganin mata suna jiƙa ƴaƴan anza na daji kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ina ganin fatun shanu sun fi shanu yawa a kasuwar Lahadi. Amma sanin ido ne kawai. Mahaifina ma'aikacin gidan waya ne, ɗan Kurfai, ƙasar da Filingue take ciki, da aiki ya yi ta yawo da shi daga Doso zuwa Yamai, kuma a gidanmu hatsi a buhu yake zuwa. Ban taɓa riƙe sungumi ba. Ranar da aka fara ɗaga tutar ƙasa ina ƙaramar yarinya cikin layin ƴan lakwal, aka ce mana mu ne za mu kai ilimi kowane ƙauye, ni kuwa na yarda da maganar har cikin raina. Da ita na zo Filingue, da akwatin littattafai, da gidan sauro.

Akwai wani darasi da nake ƙauna, wanda ba ya cikin abin da aka ce in koya musu. A makarantar horon malamai na same shi, wurin wata anasara mai koya mana ilimin halittu. Ta ce kowace ƙwaya, kowane ƙwai, kowane ɗan tayi, yana ɗauke da wani rubutu da ido ba ya gani, wanda ya gada daga iyayensa, kuma shi ne yake gaya masa abin da zai zama. Duk haihuwa sai an kwafe rubutun. A kwafe shi daidai sau dubu, sai a wani karo hannu ya goce, a sami ɗa da bai ɗauko uwa ba bai ɗauko uba ba. In ya rayu kuwa, ƴaƴansa su gaji gocewar. Ranar da na ji wannan ban iya cin abincin rana ba. Na zauna gindin dogonyaro ina duban ganyensa ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya bambanta da ƴan uwansa. Har waƙa mara daɗi ƙwarai na rubuta a bayan kayena, littafin da nake rubuta darasi.

Don haka da bazara ta kama, yara suna zuwa aji da ciki wayam suna gyangyaɗi tun hantsi, sai na ce bari in ba su abin da ya taɓa faranta mini rai.

Na fara da wasa. Na zana zabuwa a allon yarinyar da ke bencin farko, na ce wanda ke gefenta ya kwafa, ya goge ta farko, ya miƙa tasa ga na gaba, haka har ƙarshen aji. Na bakwai ya manta da zanen wuya. Na goma sha biyu ya ja wutsiya ta yi tsawo, na bayansa ya ɗauka ƙafa ce. Da allon ƙarshe ya iso hannuna, zabuwata tana da ƙafa uku da ƙaho.

Madmazal yara suke kiran malama a lakwal. Wata mai tsiwa a bencin baya ta ce, "Madmazal, wagga ko bana ba mai cin ta."

Ajin ya fashe da dariya, dariyar da na kwana biyu ban ji ba. Na nuna musu cewa ba wanda ya yi niyyar ɓata zabuwar, kuma daga inda kuskure ya shiga duk na baya sun gaje shi. Suka gane. Na koma gida ranar ina jin kamar in tashi sama.

Washegari na ce za mu gani da idonmu a jikin abu mai rai. Anasarar nan ta taɓa nuna mana: in aka baza hatsi mai yawa a kan jiƙaƙƙen buhu, cikin dubban tsiron da za su fito kore za a sami ƴan kaɗan farare fat, waɗanda rubutunsu ya goce a wurin da ke sa ganye ya yi kore. Na ce kowa ya kawo tafi ɗaya na hatsi. Na ƙara da cewa ba na son jar dawar nan da ake rabawa ta taimako, hatsin gida nake so, mai rai, wanda zai tsira.

Kwana biyu ba wanda ya kawo ko ƙwaya. In na tambaya sai su sunkuyar da kai. Ban yi faɗa ba, ban iya faɗa ba ma, amma na yi abin da ya fi faɗa muni: na tsaya gaban tabulo, babban allon aji, na ce musu cikin sanyin murya na ji ciwo, na ɗauka suna son su gani, tunda ba sa so shi ke nan.

Akwai wata yarinya a ajin, ƴar shekara goma sha biyu, siririya, mai yawan kallon taga kamar ni. Gidansu yana wata ƴar tunga a gindin dutse, tafiyar rabin awa daga gari. Ubanta ya tafi cin rani bakin teku tun shekarar farko ta yunwa, ita da uwarta suna hannun kakanta. Ita ce takan tsaya bayan an tashi ta tambaye ni ko taurari ma suna haihuwa. Ranar Litinin ta riga kowa zuwa, ta fid da wani ɗan gora daga cikin zanenta ta ajiye a kan teburina. An liƙe bakinsa da laka, lakar ta bushe ta yi baƙi, an ɗaura masa igiyar kaba ta ratayewa.

Na ce, "Na gida ne?"

Ta ce, "Na gida ne, madmazal."

Iyakar abin da na tambaya ke nan. Da yara suka taru na ɗaga goran na yaba mata a gabansu, na fasa lakar da gindin almakashi. Ajin ya yi tsit. Na ɗauka ɗoki ne. Na juye shi cikin ƙwarya, hatsi kamar tafi biyu, ƙananan ƙwaya masu duhu-duhu, cakuɗe da toka. Na ce, "Amma hatsin nan da datti yake," na wanke shi sau biyu da ruwan da na hana kaina wanka da shi. Muka shimfiɗa buhunan algarara uku a kusurwar aji, na jiƙa su sharkaf, na baza hatsin duka, ban rage ko ƙwaya ba. Yara talatin da wani abu suna kallona, duk ɗiyan manoma da makiyaya. Ba ɗaya daga cikinsu da bai san abin da ake nufi da gora mai liƙaƙƙen baki da toka a ciki ba. Ba a dai saba gaya wa madmazal ta yi kuskure ba.

Kwana biyu ya fasa. Kwana huɗu kusurwar ajin ta zama kore, koren da ba a ga irinsa a ƙasar Kurfai ba tun watanni. Ina zuwa da sassafe in durƙusa gabansa, ina jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a ɗakin da ba ƙasa. Ranar Juma'a muka same su: farare goma sha ɗaya, tsaye cikin ƴan uwansu kamar zaren auduga. Na kira yara layi-layi su duba. Ina cikin bayani da murna, sai hasken ƙofa ya ragu.

Wani tsoho ne, dogo, ƙasusuwan kafaɗarsa sun ɗaga riga. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci, ya yi sallama. A hannunsa akwai goran nan, an sake liƙe bakinsa da sabuwar laka. Yarinyar ta zame daga benci ta shige ƙarƙashin tebur. Kakanta ne. Daga baya na ji yadda aka yi: ta cika goran da rairayi ta mayar inda yake rataye a rufin ɗakin kakanta. Shi kuwa duk Juma'a da safe yakan sauko da shi ya girgiza a kusa da kunnensa. Rairayi da hatsi ba kukansu ɗaya ba.

Na ce, "Sannu da zuwa, Baba. Ina kwana?"

Ya ce, "Lahiya lau, ɗiyata."

Bai dube ni ba. Ya wuce tsakanin bencuna ya tsuguna gaban buhunan. Ya daɗe. Ya miƙa bayan hannunsa ya shafa kan tsiron a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri.

Ya ce, "Wa ya ba su ruwa?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Darasi ne muke yi."

"Duka kinka zuba?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sun yarda da ke. Sun aza damana ta yi. Ƙarya kinka yi musu, ɗiyata, da saura wata ukku."

Ban gane ba nan take. Na tsaya da alli a hannu ina murmushin da ban san yadda zan sauke shi daga fuskata ba. Sai mai tsiwar nan ta bencin baya ta faɗa, can ƙasa-ƙasa, ba tsiwa ko kaɗan: "Iri ne, madmazal."

Na san kalmar. Na sha rubuta ta a tabulo da Faransanci. Amma sai a lokacin ta shige ni, na dafa tebur. Hatsin gida mai rai da na ce a kawo, a shekarar nan ba wani gida da ya rage da shi sai wanda aka ɓoye don shuka. Abin da ya sa ba wanda ya kawo ke nan. Abin da na tsaya na ce na ji ciwo a kansa ke nan. Kuma irin da ya tsira ba a shanya shi a mayar gora.

Daraktan lakwal ya ji labari ya shigo, mutum mai kirki, mai son a gama magana da sauri. Ya sallami yaran, ban da yarinyar da ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin tebur. Ya gaida tsohon, ya ba shi haƙuri, ya ce shi da kansa zai je wurin ma'aikatan gona, in iri ya zo daga Yamai za a ba shi ninkin wannan sau goma.

Tsohon ya ce, "Na gode, mushe darakta. Amma wanga ba shi Yamai."

Sai ya ba mu labarin, yana tsugune, idonsa a kan buhu. Ya ce a zamanin kakansa an yi wata shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Kakan yana zagaya gona, hatsi duk bai ko yi ciki ba, sai ya ga kara ɗaya tilo, gajere, ya fid da kai har ya yi ƙwaya. Iri ɗaya aka shuka, rana ɗaya, rami ɗaya da ƴan uwansa, amma shi ya riga su da kusan wata guda. Kakan ya ɗaura masa tsumma, ya yi ta korar tsuntsaye har ya nuna. Da damina ta zagayo ya shuka shi can gefen dutse, nesa da sauran, don kada su haɗa jini. Ƴaƴan karan suka ɗauko saurinsa. Tun daga nan gidansu suke riƙe da shi, kwana saba'in ya nuna, ba ya cika rumbu amma shi yake kashe yunwar tsakiyar damina. Ya ce ƴan uwansa biyu da suke da shi sun cinye nasu bara. Shi ma ya zuba a ƙasa sau uku, rana ta cinye. Wannan tafi biyun ne ya hana kansa, ya hana jikokinsa, lokacin da suka kwana uku a kan dusa.

Ina saurare, sai na gane. Abin da na kwashe mako ina zana wa yara da zabuwa mai ƙafa uku, abin da na rubuta wa waƙa gindin dogonyaro, shi ne wannan. Hannu ya goce sau ɗaya a wata gona, wani mutum ya lura, gida ɗaya ya riƙe gocewar shekara da shekaru cikin toka. Ni kuma na zo da karatuna na wanke tokar na ce datti ce. Bakina ya buɗe zai faɗi sunan abin da Faransanci, Allah ya taimake ni na rufe shi.

Ya nuna fararen da ɗan yatsa. "Waɗanga kike nema?"

Na ce, "Su ne."

"Da kin tambaye ni. Kowace shekara muna ganin su. Ba su kwana goma, in guzurin da uwa ta ba su ya ƙare sai su kwanta. Don su kinka tada dubu."

Na durƙusa na ce ya gafarta mini. Ban san sau nawa na faɗa ba. Ya ce in tashi, kuka ba ruwa ba ne. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ce, "Ke kuma hito, amarya, ɓarauniyar mijinta. Ba ni da ƙarhin bugun ki." Ta fito tana shessheƙa. Ya tambaye ta abin da ya sa. Ta ce, "Madmazal ta ce in ba a kawo ba, ba mu gani. Ni ina son in gani." Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ku biyu uwarku ɗaya."

Ya ɗaga gefen buhu ya duba ƙasansa. Saiwoyi sun riga sun huda algarara sun kama ta. Ya ce in ba shi almakashin nan. Ya ce tunda sun tashi, ba sauran komawa barci. Sai dai a yi ta yi musu ƙaryar har su haihu. In an samu ya nuna kafin ruwan fari ya sauka, ko zangarniya biyar ce, iri bai mutu ba.

Darakta ya ce, "Da wane ruwa, Baba? Mata tun asuba suke layi a rijiya."

Ya ce, "Akwai ruwan da ake zubarwa sau biyar kullum, ba mai jin haushi."

Kusa da lakwal akwai wani ƙaramin masallaci na laka. Limaminsa tsoho ne mai ƙiba da yunwa ta bar masa fata kamar rigar aro, kuma ashe taubashin kakan yarinyar ne. Muka same shi a zaure kafin a tafi babban masallaci. Tsohon ya faɗa masa buƙatarsa: a mai da wurin alwala bayan masallaci, a kan ƴan kunyoyin da zai yi.

Liman ya ce, "Kai da sai Juma'a muke ganin ƙeyarka, yau kai ne da son alwalar mutane?"

"Alwalarka dai nike so, ba wa'azinka ba. Wa'azinka ko ƙarangiya ba ya tsirarwa."

"To ka ji. Bawa ya zo roƙo da zagi." Ya juyo gare ni. "Ke ce malamar da ta yi damana cikin ɗaki?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah shi kyauta. Ku kawo su."

Da la'asar muka yanka buhunan ƙanana-ƙanana, kowane yanki da tsironsa, muka binne a ramukan da tsohon ya haƙa bayan masallaci, inda inuwar bango take faɗawa da rana. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na abin da na tayar ba. Sauran, dubbai, kore shar, tsohon ya tattara ya ba wata akuyar liman da ta kasa tashi. Na tsaya ina kallon tana ci. Fararen goma sha ɗaya na ɗauke su a ɓoye na sa cikin gwangwani a tagar ɗakina. Rana ta tara suka kwanta, kamar yadda ya faɗa.

Ya kewaye wurin da ƙayar aduwa. Liman ya sa aka jera duwatsu tsakanin kunyoyi, maza suna tsugunawa a kai da butocinsu. Wasu sun yi gunaguni, wasu sun yi dariya, wani mahauci ya ce shi bai taɓa jin an yi wa hatsi alwala ba. Amma sun tsuguna. Har Fulanin da shanunsu suka ƙare, masu kwana a bayan gari, in sun zo salla sai su karkata buta wajen tsiron da ya fi yaushi. Ni mace ce, ba na shiga wurin lokacin salla. Da hantsi nake zuwa da ruwan da na wanke fuska, da na ɗaurayar kwano, a cikin tulu ƙarami, yarinyar tana biye da ni da nata. Mun daina magana a kan taurari. Muna zubawa, mu tsaya, mu koma aji.

Na ci gaba da koyarwa kamar wadda aka buga wa tabarya a ka. Ina rubuta lissafi a tabulo, sai in ga hannuna ya tsaya. In na ce su kawo wani abu, ko tsinke ne, sai na tambaya sau uku na wane ne, me ake yi da shi. Yaran suka lura. Wata rana mai tsiwar nan ta kawo mini dutse ta ce, "Madmazal, na Allah ne, ba a shuka shi." Na yi dariya, hawaye suna zuba.

Zafin bazara ya kashe fiye da rabi. Iska mai wuta ta kwana uku tana busawa daga arewa, ta ƙone na bakin shinge. Tsohon yana tahowa daga tungarsu kullum da sandarsa, ya rage masu rauni, ya tara wa masu ƙarfi ƙasa a gindi. Da suka kai ƙugu suka yi ciki, sannan suka fid da kai, guda goma sha tara. Suka yi bununi. Daga nan tsuntsayen ƙasar duka suka ji labari, don ba wani kore a ko'ina sai nan. Na kwance gidan saurona na yanka, na ɗinka ƴan jakunkuna, muka sa wa kowace zangarniya tata. Tsohon ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Wanga karatu naki ya yi amfani."

Saura kamar kwana goma ya nuna, na zo da safe na tarar da shi tsaye a bakin shinge, liman a gefensa. An buɗe ƙaya ta gefe ɗaya. Kara bakwai suna tsaye ba kai, an yanke da wuƙa. A ƙasa akwai sawun ƙafar mace, da na ƙaramin yaro, sun nufi bayan gari wajen bukkokin tabarma. An cire jakunkunan gidan sauron an ninke su an ɗora a kan dutse.

Na ce a bi sawun. Ni da ban iya ɗaga murya ba, na ji kaina ina cewa a kira jandarma.

Tsohon ya ce, "A ce musu mi? Ta ga tumu, ɗanta na kuka." Ya ɗauki jakunkunan ya duba ninkin. "Ta bar sha biyu. Ke da kinka samu, nawa kinka bari?"

Daga ranar ya ɗauko tabarmarsa ya tare a gindin bangon masallaci, bai koma gida ba sai da aka yanke.

Da ya yanke, biyar daga ciki ba ƙwaya, zafi ya hana su ɗauka. Ya shanya bakwai ɗin a kan rufin zauren liman. Da suka bushe ya aika a kira ni. Ya zauna ya murza su a tafin hannu a kan faifai, ya hure ƙaiƙayi da bakinsa. Abin da ya taru bai cika tafi ɗaya ba, rabin abin da na zuba ma bai kai ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori ya ciza, ya saurara, ya ce, "Shi ne."

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, ya ba iri lokacin hutawa. Da ya sauka, tsohon ya shuka a gefen dutse inda kakansa ya fara. Ban je na gani ba, kunya ta hana ni. Yarinyar ce take kawo mini labari a taƙaice: ya tsira, an yi noman fari, ya yi ciki. Ranar da ta ce sun ci tumu, na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Bayan kaka, an koma lakwal, ya zo ajina, ya tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar farko. A hannunsa akwai ƙananan goruna biyu, an liƙe bakinsu da laka. Ya ce ɗaya na liman ne. Ya ajiye ɗayan a kan teburina, daidai inda jikarsa ta ajiye na farko.

Na ja hannuna baya. Na ce, "Baba, ni? Ni da na yi abin da na yi?"

Ya ce, "Laihina ne da na aje shi wuri guda. Kakana ma da ya gani da ya zage ni. In nawa ya ƙone, in liman ya cinye nashi, don na san shi, naki na nan. Duk shekara ki kawo in canza miki da sabo." Ya tura goran kusa da ni. "Cikin garin ga duka ba wanda ya kai ki sanin abin da ruwa ke yi mishi."

Yana rataye a rufin ɗakina, can nesa da randa. Sau uku ke nan ana canza shi. Har yanzu ina yi wa yara wasan zabuwa, amma darasin fararen tsiro a gonarsa muke yi, mako guda bayan shuka, shi yake nuna musu da sandarsa. Ranar Juma'a da safe, kafin in tafi aji, nakan hau kujera in sauko da goran in girgiza shi kusa da kunnena.